Ka Bi Ta Tsamiyar da Aka Sare

In kana son ka ga baƙo ya fita hayyacinsa a Suleja, kawo shi unguwarmu ta Magajiya ka ce ya tambayi hanya. Mutanenmu ba sa rowar kwatance, har nuni za su yi maka da hannu biyu. Matsalar kawai ita ce, duk abin da za su kwatanta maka da shi babu shi. Za a ce maka, "Ka miƙe har tsamiyar da aka sare, in ka wuce rijiyar da aka cike sai ka tambayi gidan Dije mai fura." Ka je ka tambaya, a ce maka ai Dije ta rasu tun kafin a haifi mai ba ka amsar. Na daɗe ina jin haushin wannan ɗabi'a, domin ni mutum ne mai son a faɗi abu yadda yake. Amma ita ce ta dawo mana da kakata gida ranar da ta ɓata ta kuma ƙi bin kowa, shi ya sa na rage ƙorafi a kanta.

Iya muke kiranta. Mahaifiyar babanmu ce, kuma daddawa ce sana'arta. Wanda ya san daddawa ya san kalwa ba ta dahuwa da gaggawa, sai a ɗora tukunya tun la'asar ana ta tura mata itace. Wannan wutar ita ce wurin hirarmu. In an yi magariba an ci tuwo, sai mu kewaye murhun da ke bayan ɗakinta, ni da yayata Binta da 'ya'yan maƙwabta, kowa da guntuwar doyar da zai cusa cikin garwashi. Ba zan yi muku ƙarya in ce wurin yana ƙamshi ba. A gefe guda ga kwandunan dafaffiyar kalwa an lulluɓe su tana ruɓa, warin yana shiga tufafinmu ya zauna daram. A makaranta ba a taɓa tambayarmu daga wane gida muke ba, da mun shigo aji an sani.

Ni ne maigidanta, kamar yadda kaka ke kiran jikanta namiji. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin miji marar amfani irina ba: ba cefane, ba ɗinkin salla, sai gardama. Maganar gardamar kuwa gaskiya ce. Ni Habu ba a faɗin abu a gabana yau a canza shi gobe in yi shiru, ita kuwa Iya ba ta taɓa ba da tatsuniya iri ɗaya sau biyu ba. Saboda haka zamanmu ya zama na mai ƙara da wanda ake ƙara, sauran yara suna cin doya suna kallo.

Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Sai ta ƙwanƙwasa gefen tukunyar da muciya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, a buɗe ko a bar ta a waje?" Mu haɗa baki mu ce, "A buɗe!" In ta gama kuma ta ce, "Na raka ta gida, na ja ƙyaure, kowa ya nemi tabarmarsa." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Tanko da Garin Lunguna.

Tanko, in ji Iya, mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: son araha. Wata rana matarsa ta aike shi sayen daddawa. A maƙwabtansa akwai wata tsohuwa mai daddawa mai kyau. "Kyakkyawar tsohuwa ce," in ji Iya tana gyara ɗankwali, "ga hankali, ga tsafta. Jikokinta ne kawai Allah ya jarrabe ta da su." Maimakon Tanko ya saya a wurinta, sai ya ji an ce a Garin Lunguna kusan kyauta ake ba da ita. Ya hau jakinsa ya tafi.

Garin Lunguna aljanu ne suka gina shi a bayan wani dutse. Babu titi ko ɗaya a cikinsa, sai lungu cikin lungu, wani ya haifi wani. Kuma lungunan ba sa zama wuri ɗaya. Da ka juya baya sai katanga ta matsa, gidan da ka bari a dama ya koma hagu, hanyar da ka shigo ta ita ta zama bayan ɗakin wani. A bakin kowane lungu akwai aljana zaune a kan tabarma da ƙwarya a gabanta. Ba ta karɓar kuɗi. Abin da kake tunawa take karɓa, guda ɗaya, ka sauke mata a ƙwarya kafin ka wuce.

Tanko ya ce ai wannan ma araha ce. Ya lalubo ranar da babansa ya zane shi saboda satar mangwaro, ya miƙa. Aljanar ta ɗauka ta sunsuna, ta yamutsa fuska. A nan Iya takan toshe hancinta ta maƙale murya: "Wannan ta kwana biyu, malam. Mu ba ma karɓar tsohon kaya. Kawo sabuwa." Dole ya ba ta abin da ya karya da shi da safe. A lungu na gaba ya ba da inda ya ɗaure jakinsa. Daga nan ya ba da saƙon da aka aike shi, ya ci gaba da tafiya da sauri kamar mai muhimmin aiki alhali bai san aikin ba. Ya ba da kamannin matarsa. A ƙarshe ya ba da sunansa.

"Iya, tsaya," na ce. "Kin ce ba sa karɓar tsohon kaya. Ai suna tsohon abu ne, tun ranar suna yake."

"Sunanka da ake kira kullum da asuba ana cewa ka tashi ka ƙi? Ai kullum ɗumama shi ake yi, ina zai tsufa?" Yara suka kwashe da dariya. Ta nuna su da muciya. "Ku daina dariya. Garin nan da kuke zaune ma ya taɓa biyan sunansa. Ni a Abuja aka haife ni, kuma ban taɓa ƙaura ba. Aka wayi gari sunan ya tashi ya koma can gaban dutse inda ake gine-gine, mu aka ba mu wani. To in gari guda ya iya, wane ne Tanko?"

Mutanen Garin Lunguna, in ji ta, ba su da damuwa. Duk masu son araha ne irin Tanko da suka shigo suka kasa fita. Ba a faɗa a garin, don kafin ka rama zagi ka manta wa ya zage ka. Miji da mata kullum da safe sai sun gaisa da kunya sun tambayi juna daga wane gari. Kowa ya yi ƙiba, saboda mutum zai ci abincin rana ya wanke hannu, ya zauna yana mitar yau ba a ba shi abincin rana ba. Binta, wadda ta tsani wanke-wanke da hadda, ta taɓa cewa ita kam a kai ta can ta zauna. Iya ta tura itace, sannan ta ce, "Da daɗi, 'yar nan, har sai ranar da kika ji kina son zuwa gida, kika rasa me ake nufi da gida."

Haka ta faru da Tanko. Ya yi ta yawo har ya faɗa wani zaure mai ƙofa biyu, ya zauna yana kuka bai san abin da yake wa kuka ba. A zauren akwai wata tsohuwa wadda ta fi kowa daɗewa a garin. Ta biya aljanu duk abin da take da shi, ba abin da ya rage a kanta sai tsohon kayan da suka ƙi karɓa: bishiyoyin da aka sare, rijiyoyin da suka mutu, mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ba ta san ko ta ci abinci ba, amma ta san garin tun kafin lungunan su fara yawo. Ta ce masa ya share hawaye, za ta yi masa kwatance.

Wannan kwatancen shi ne wurin da Iya take sa mu duka mu faɗa tare da ita, tana buga muciya:

"Ka fita ta ƙofar baya. Ka bi ta tsamiyar da aka sare. Ka kauce wa rijiyar da aka cike. Ka ɗage riga a marinar da aka tashi. Ka gai da Dije mai fura. Daga nan sai ka bi hancinka."

Tanko ya ce, "Baba tsohuwa, yaya zan ga abin da babu shi?" Ta ce, "Kada ka kalli katanga, ka kalli ƙafafun mutane. Inda ka ga suna kewaye wurin da babu komai, nan tsamiya take. Inda ka ga uwa ta fizgo hannun ɗanta, nan ce rijiya. Kai yana mantawa, ƙafa ba ta cika mantawa ba." Ya ce, "In su ma sun matsa fa?" Ta ce, "Aljani yana matsar da katanga ne don tana nan, yana da inda zai kama. Abin da ya riga ya tafi, ta ina zai kama shi?"

Tanko ya bi kwatance ya fita. A ƙarshe warin daddawar maƙwabciyarsa ne ya ja shi har ƙofar gida, kuma da ya shaƙe shi sai komai ya dawo masa, har da sunansa da abin da aka aike shi. Matarsa ta tambaye shi ina jaki, ina daddawa. Abin da ya biyo baya, in ji Iya, ba na kunnen yara ba ne. Tun daga ranar dai bai sake tsallake tsohuwar kirki ya je neman araha ba, kuma ta ce mu gaya wa iyayenmu mata haka.

Tabbas na kawo ƙara a kan kwatancen. "Iya, ai wannan tsamiyar ta unguwarmu ce. Dije ma ta nan ce, na ji ana faɗin gidanta." Ta ce, "To su aljanun a ina kake zaton suka koyi gini?" Na kawo ƙara a kan jakin, wanda wata rana yakan zama akuya, na tambaye ta yadda ƙato ke hawa akuya. Na kawo ƙara a kan matar Tanko, wadda jiya Ladi ce yau ta koma Talatu. Amsarta ɗaya ce kullum: "Lungun ne ya matsa, maigida, ba ni ba." Amma duk sa idona, ban taɓa kama ta ta canza kwatancen ba. Tsamiya, rijiya, marina, Dije, hanci. Ko tana gyangyaɗi haka yake fitowa.

Shekaru suka tura. Na girma na shiga sahun masu sammakon zuwa aiki Abuja su dawo da yamma a gajiye. Binta ta yi aure a nan cikin gari. Gwiwa ta hana Iya tsugunawa gaban murhu, aka kife tukunyar kalwa a bayan ɗaki, warin da ya raine mu ya bar gidan. Unguwar ma ta canza: inda ake da katangar ƙasa ya zama shaguna, lungun da muke ƙwallo aka toshe shi da ginin bulo.

Sai aljanun suka fara miƙo wa Iya ƙwarya. Da farko abin dariya ne. Za ta sha koko ta share baki, ta aika a tambayi Umma, mahaifiyarmu, laifin da ta yi aka hana ta karin kumallo. Ta ɓoye carbinta ta tara gida ana nema, a same shi a wuyanta. Muna tsokanarta muna cewa Iya ta koma Garin Lunguna, ita ma tana dariya. Amma ranar da na dawo daga aiki na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ladabi ta tambayi Umma a hankali wane ne wannan bawan Allah, ban yi dariya ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na fi son ta zage ni da marar amfani sau dubu a kan wannan ladabin.

Wata safiya ina cikin motar haya, ba mu ma fita gari sosai ba, Binta ta kira ni tana haki. An shiga kai wa Iya koko ba a same ta ba, ƙofar gida a buɗe. Na sauka na juyo. Muka bazu cikin unguwa muna tambaya, kuma kowa yana ba mu amsa irin ta Magajiya: wani ya gan ta wajen tsohon injin niƙa, wata ta gan ta kusa da inda ake sayar da itace a da. Sai da rana ta ɗaga sosai aka zo aka ce mana tana bakin titi, a shagon wani mai sayar da kayan waya.

Na tarar da taro. Iya tana zaune a tsakiyar shagon a kan farar kujerar roba, ta miƙe ƙafa, caja da murfin waya suna reto a saman kanta. Mai shagon, wani Ibo mai suna Chidi, ya ba ta kujerarsa ya saya mata lemo, shi yana tsaye a waje yana fifita da kwali.

"Oga, kai ne ɗansa?" ya tambaye ni da irin Hausarsa. "Mama ya zo tun safe, ya ce wannan gidan babansa ne. Kwastoma ya shigo, ya ce masa ya cire takalmi. Ni ma ya kore ni, ya ce ban yi sallama ba. Abeg, ni ba na fushi, amma Mama bai ci komai ba."

An gwada komai kafin in zo. Binta ta roƙe ta, ta ce ba ta san ta ba. An kawo ɗan acaɓa, ta ce ita matar aure ce, ba ta hawa bayan ƙato. An kawo Keke mai ƙafa uku, ta ce wannan akurkin kaji ba da ita ba. Mijin Binta ya kama hannunta, ta sauke masa takalmi a goshi, ga shaidar nan ta fara tashi. Yanzu maza sun koma gefe suna shawarar a ɗauke ta cak a sa a mota, tunda rana tana zafi, ba ta ci ba, ba ta sha maganinta ba. Gaskiyarsu ce. Amma na hango yadda za a yi: Iya tana ihu tana neman agaji, ƙarti sun riƙe ta a titin da ta yi shekaru ana gaishe ta da girma, yara suna ɗauka a waya. Na ji ba zan iya tsayawa in ga wannan ba.

Na leƙa ciki. Tana yi wa wata mai sayen caja bayani: "Babana ya tafi gona, yanzu zai dawo. Nan ne zaurensa, zaure mai ƙofa biyu, duk unguwar nan babu irinsa." Na ɗaga kai. Shagon yana da ƙofa ta titi, yana da wata ƙarama ta baya mai fita lungu. Duk shekarun da na yi ina gardama, ban taɓa tambayar ina zauren Tanko yake ba. Ashe gidan da aka haife ta ne, kwatancen kuwa hanyar da take bi ce daga gidan ubanta zuwa gidan mijinta.

Na cire takalmi, na yi sallama, na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda baƙo zai yi.

"Sannu da hutawa, Baba tsohuwa. Ni baƙo ne, na ɓata."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Me ya kawo ka garin mutane?"

"Aike na aka yi sayen daddawa."

"Son araha ko?" ta ce. Na ji Binta ta toshe baki a bayana.

"Shi ne, Baba. Yanzu an ce in nemi gidan Malam Isa, can ake mai kyau." Sunan kakanmu ke nan, wanda ya rasu tun ina goye.

Ta gyara zama. "Ai gidana ne. Ka san tsamiyar da aka sare?"

"Na ji labarinta, amma ban san inda take ba."

"Baƙi dai!" Ta yi tsaki, ta dafa kujera ta miƙe. "Ƙato da kai ka zauna kana zare ido. Ɗauko min takalmina a wurin wancan mai ƙullutu a goshi, in kai ka."

Muka fita ta ƙofar baya, tana gaba ina biye. Taron ya biyo mu daga nesa, har da Chidi, wanda ya ja ƙofar shagonsa ya ce sai ya ga ƙarshen abin. Tafiyarta a hankali ce amma babu shakka a cikinta. Da muka zo wani fili sai ta karkata ta yi kewaye, ta zagaye wurin da babu komai sai ƙasa. Na tsaya ina kallo. Hanyar ma kanta a nan ta lanƙwasa ba dalili, kuma ɗan acaɓan da ya zo wucewa, yaron da bai kai shekarun sare tsamiyar ba, shi ma ya lanƙwasa. Na bi ta nan ba adadi ban taɓa lura ba.

Gaba kaɗan, inda wata mata ta kasa lemu a kan daɓen siminti, Iya ta cafki wuyan hannuna ta fizgo ni gefe. "Kauce, ɗan nan! So kake ka faɗa?" Riƙon nan na san shi. Shi ne riƙon da take yi mini in na matsa kusa da tukunyar kalwa. Na bar mata hannun, ban karɓe ba.

A gaban wani shagon aski mai tayil, ta tattare bakin zanenta ta ɗaga ƙafa tana taka-tsantsan. Ta harare ni. "Ɗage wandonka, nan marina ce, shuɗin baba ba ya fita a farin kaya." Na ɗage wandon ofis har gwiwa. Da na waiwaya, Binta ta tattare hijabinta, mijinta ya ɗage riga, Chidi ma ya kama wandonsa yana tafiya da kan yatsu a busasshen tayil. Masu aski suka fito da almakashi a hannu suna kallon jerin mutane suna tsallake abin da ba su gani.

A ƙofar wani gida mai jan ƙyauren ƙarfe ta tsaya ta ɗaga murya. "Dije! A dama mana in mun dawo, kada ki cika ruwa irin na jiya!" Ta saurara, ta gyaɗa kai kamar an amsa, ta wuce. Babu wanda ya yi dariya a nan.

Sai muka iso mararrabar lunguna uku, ta ja ta tsaya. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iska. Ta juya ta sake shaƙa. Sai a lokacin na tuna ƙarshen kwatancen. Duk sauran alamomin matattu ne, ba sa motsi. Wannan na ƙarshen kaɗai ne mai rai, kuma an daɗe da kife tukunyar. Warin fetur ne kawai da na kwata. Na ga fuskarta ta sauya, ta ƙanƙance, ta riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ban ji ba," ta ce a hankali. "Bawan Allah, ban ji gidan ba."

Gidan yana nan kusa, amma na san in na ja ta za mu koma inda muka fara. Na waiwaya neman Binta, babu ita. Muka tsaya a rana, ina addu'a a zuci.

Can sai ga shi ya taso daga lungun hagu. Wari ne mai kauri, mai ɗaci, wanda ya sa Chidi ya ja da baya yana tari. Ashe tun a gidan Dije Binta ta tuna abin da ke gaba, ita ma ai da ita aka yi haddar. Ta yanke ta wani lungu a guje, ta kwashe daddawar Umma da ta maƙwabta, ta zuba gaba ɗaya a kan garwashi a tsakar gida tana fifitawa da faifai.

Iya ta shaƙa. Ta saki hannuna. Idonta ya buɗe.

"Wace marar tarbiyyar ce take ƙona min daddawa?"

Ban san gwiwar nan tana da sauran gudu ba. Da ƙyar na cim mata a ƙofar gida, ta riga ta fara yi wa Binta faɗa tun daga zaure, Binta tana tsugune cikin hayaƙi tana hawaye tana cewa a yi haƙuri. Da ta gaji, Umma ta zaunar da ita a kan tabarma ta miƙa mata koko. Sai ta tuna da baƙonta.

"To, ga gidan. Kai dai kana da hankali. Ina da wani maigida a nan, da shi na rako, da har yanzu muna tsamiya yana ce min ba a nan take ba."

Na zauna a gabanta. Na ce, "Amma fa, Iya, gaskiya kamar ta fi can gaba kaɗan."

Ta sauke kofin. Ta matso da fuskarta kusa da tawa ta daɗe tana kallo.

"Habu? Kai ne?" Ta ɗaga hannu ta dungure mini kai. "Ina ka shiga tun safe? Da ban fito ba da shi ke nan ka ɓata, marar amfani."

Na ce mata haka ne. Shi ne karo na farko da na yarda da maganarta ba gardama, kuma na sunkuyar da kai don kada ta ga idona.

Ba ta daɗe sosai bayan wannan ba. Kafin ta tafi mun koyi zama da ita: mun daina ja mata hannu zuwa yau, mu muke zuwa inda take. In ta tambayi Malam Isa, sai mu tambaye ta wace riga ya sa, ta yi ta ba mu labari. A da na ɗauka tatsuniyar Tanko tallar daddawa ce kawai da aka yi wa ado da aljanu. Yanzu ina ganin kowa yana da ƙwaryar da ke jiransa a bakin wani lungu, kuma abin da zai rage masa ba shi zai zaɓa ba. Sa'ar mutum ita ce ya sami waɗanda suka san tsofaffin alamominsa, waɗanda za su ɗage wando tare da shi a busasshen wuri ba su ce masa babu komai a nan ba.

An gyara gidanmu, an yi fenti, inda murhun yake yanzu tankin ruwa ne. Amma na lura masu wucewa ta ƙofarmu har yau suna ɗan yamutsa hanci, har da yaran da ba su taɓa ganinta ba. Kwanan baya na dawo daga aiki a gajiye na hau acaɓa, yaron sabon zuwa ne daga Diko, bai san unguwar ba. Na ji bakina yana cewa, "Ka bi ta tsamiyar da aka sare, in ka wuce gidan Dije sai ka tambayi gidan Iya mai daddawa."

Ya ce, "Oga, ita mai daddawar tana nan? In saya wa tsohuwata."

Na ce, "Daddawar ta ƙare. Amma ita tana nan inda take, ba mai matsar da ita."